"Mama, Akwai Taro a Abuja": Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Ba Ta Amsa

Uwargida, a ce kina tsakar gida kina tsince shinkafa, sai 'yarki ta zo ta durƙusa gefenki da waya a hannu. Ta gama digiri a fannin kwamfuta, ko tana ajin ƙarshe, ko kuwa ita ce mai koya wa kanta rubuta manhaja a ɗaki har kina yi mata faɗan ƙona data. Ta ce miki akwai taro na kwana biyu a Abuja, kamfanoni za su zo, tana son zuwa. Na san abin da zai fara faɗo miki a rai: kuɗin mota, halin da hanya take ciki, inda za ta kwana, da abin da Abbanta zai ce. Can ƙasan zuciya kuma akwai tambayar da ba ki furta ba: wai me ake yi a taron nan da ba za a iya yi ta waya ba?

Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce, a sana'ar kwamfuta taro kasuwa ce ta ɗaukar ma'aikata. Jawaban da ake yi a kan dandamali rabin abin ne kawai. Sauran rabin yana faruwa a rumfunan kamfanoni, a layin karɓar abinci, a bakin ƙofa bayan an tashi, inda mai neman ma'aikaci yake haɗuwa da mai neman aiki ido da ido. Yarinyar da ba ta taɓa shiga irin wannan wuri ba tana iya fin kowa ƙwazo a ajinsu, amma masu ɗauka ba su san da ita ba.

Domin ki ga yadda abin yake idan ya girma, bari mu leƙa Amurka.

Kasuwar baje kolin ma'aikata

A can akwai taron da ake kira Grace Hopper Celebration, wanda ya fi kowane girma a duniya a cikin tarukan matan da ke aikin kwamfuta. An fara shi a 1994 a birnin Washington da mahalarta kimanin 500. A 2019, da aka yi shi a Orlando ta jihar Florida, sun kai kimanin 25,000. Idan kin taɓa zuwa kasuwar baje koli ta Kaduna, to ki ɗauko hotonta a ranki, sai dai a nan ba atamfa ko injin niƙa aka baje ba. Google da rumfarsa, Microsoft da tasa, Apple, Amazon, manyan bankuna, kowa ya kafa tuta ya zuba injiniyoyinsa da jami'an ɗaukar ma'aikata.

Cinikin ma tun kafin ranar taro yake farawa. Wadda ta yi rajista tana ɗora takardar bayanin karatunta da ayyukanta, wato CV, a wani rumbu na intanet da kamfanonin da suka ɗauki nauyin taron suke iya dubawa. Wadda takardarta ta burge su sai su aiko mata da saƙo, su sa mata lokaci. A wurin taron akwai ƙananan ɗakuna da aka keɓe don intabiyu. Ɗaliba tana iya shiga da safe ba ta da komai sai takardunta, ta yi ganawa uku ko huɗu cikin kwana uku, ta koma makaranta da alƙawarin horon sanin makamar aiki ko ma aikin gaba ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanonin nan kuɗi masu yawa suke biya kafin a ba su rumfa, kuma ba sadaka suka fito yi ba. Suna neman ƙwararru, sun kuma gane cewa idan suka zauna a ofis suna jiran takardu, mafi yawan masu aikowa maza ne. Sannan hirar minti biyar da mutum tana nuna abin da takarda ba ta nunawa: ko ya fahimci aikin da ya ce ya yi, ko haddacewa ya yi.

Asalin taron ma daga wani taro ya samo tushe. A 1987 wata masaniyar kwamfuta, Anita Borg, ta halarci taron masana a Austin ta jihar Texas, ta ga matan da ke wurin ba su taka kara sun karya ba. Kamar yadda ake ba da labarin, a banɗakin mata ta ci karo da wasu daga cikinsu, hira ta ɓarke, suka yanke shawarar ci gaba da tuntuɓar juna ta imel. Suka sa wa zumuncin nasu suna Systers. Bayan shekara bakwai ita da ƙawarta Telle Whitney suka kafa taron mata. Anita Borg ta rasu a 2003, amma ƙungiyar da ke shirya taron har yau sunanta take amsawa.

Ita kuwa Grace Hopper da aka sa wa taron sunanta, labarinta naki ne a matsayinki na uwa. An haife ta a New York a 1906. Tana da shekara bakwai ta so ta san yadda agogon ƙararrawa yake aiki, sai ta kwance ɗaya, ta kasa mayar da shi, ta ɗauko wani. Sai da ta wargaza bakwai kafin mahaifiyarta ta farga. Uwar ba ta hana ta ba, sai dai ta ce daga yau agogo ɗaya kawai za ta riƙa taɓawa. Yarinyar nan ta girma ta yi digirin digirgir a lissafi a jami'ar Yale a 1934, ta shiga rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi aiki da ɗaya daga cikin kwamfutocin farko. A farkon shekarun 1950 ta ƙirƙiro manhajar da ke fassara umarnin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura take ganewa, aikin da ya share hanya ga harshen COBOL, wanda har gobe wasu bankuna suke amfani da shi. Ba ta ajiye kakin soja ba sai a 1986, tana da shekara 79. Ni dai duk sanda na tuna labarin, uwar nake jinjina wa. Da a gidajenmu ne, da agogo na biyu ya isa a ce yarinyar nan ɓarna ta yi mata yawa.

Yadda mata suka ragu

Kina iya cewa, to me ya kawo taron mata daban? Ba tun asali aikin nan ya zama na maza ba. Mata shida ne suka fara tsara wa shahararriyar kwamfutar nan ENIAC aikinta a tsakiyar shekarun 1940. A 1984, kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin kwamfuta a Amurka mata ne. Daga nan adadin ya riƙa zamewa, har ya faɗo ƙasa da kashi 20 zuwa wajajen 2010.

Cikin dalilan da masu bincike suka fi ambata akwai wanda ya shafi cikin gida kai tsaye. Da ƙananan kwamfutoci suka shigo gidaje a shekarun 1980, an tallata su a matsayin kayan wasan yara maza. Jane Margolis da Allan Fisher, da suka yi hira da ɗaliban jami'ar Carnegie Mellon a shekarun 1990, sun yi ta jin labari iri ɗaya: an sayo kwamfuta, an ajiye ta a ɗakin ɗa namiji. Ranar da aka shiga jami'a, yaron ya riga ya shekara biyar yana dannawa, yarinyar kuma yau ta fara, sai ta ɗauka ita ce ba ta da kai. Da jami'ar ta gyara yadda take ɗaukar ɗalibai da yadda take koyar da 'yan ajin farko, mata a sashen suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Shekara biyar kacal.

Ki duba gidanki. Idan laftof ɗaya ce, a hannun wa take kwana?

Ba duka ne zuma ba

Kada in yi miki daɗin baki. Waɗannan wurare suna da nasu aibin. Wasu masu bincike biyu na jami'ar Stanford, Alison Wynn da Shelley Correll, sun zauna a zaman tallar aiki 84 da kamfanoni 66 suka shirya wa ɗalibai, suka wallafa abin da suka gani a 2018. A zama da yawa, maza ne suke bayanin aikin injiniya, matan da kamfanin ya zo da su kuwa suna jera abinci da raba riguna. Ɗalibai mata sukan yi shiru, wasu su fice kafin a tashi. Inda kuwa aka sa mace injiniya ta yi bayanin aikinta da bakinta, sai 'yan matan su saki jiki su yi tambaya. Wannan ma'auni ne da 'yarki za ta iya riƙewa: idan ta tsaya a rumfar kamfani, ta lura da abin da matan wurin suke yi. Shi zai gaya mata inda za a ajiye ta idan an ɗauke ta.

Sai abin da ya faru a 2023. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 manyan kamfanoni sun sallami ma'aikata ba ƙaƙƙautawa: Meta 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000 a karo guda. Aiki ya yi wuya. Da lokacin taron Grace Hopper ya zo a watan Satumba a Orlando, sai maza masu neman aiki suka yi dafifi. Mahalarta sun yi ta yaɗa bidiyon dogayen layuka da turereniya, mata suna kukan an tsallake su a layi, an cinye guraben intabiyu, alhali wasunsu sun biya fiye da dala dubu kuɗin tikiti. Masu shirya taron sun amsa cewa wasu sun yi ƙarya game da jinsinsu wajen rajista, suka kuma ce dokar ƙasar ba ta ba su damar hana maza shiga ba. Abin takaici ne, amma akwai abin lura a ciki. Babu wanda zai sayi tikitin jirgi ya je ya yi dambe a layi don sauraron jawabi. Sun san abin da ake rabawa a ɗakin.

Akwai kuma dalilin da ya sa haɗuwa da mutum ta fi tura takarda ta intanet. Manyan kamfanoni sukan sa manhaja ta tace takardu kafin idon ɗan Adam ya gan su. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya gwada wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira don wannan aiki. An horar da ita da takardun masu neman aiki na shekara goma, waɗanda galibinsu maza ne, sai ta koyi rage maki ga takardar da ta ambaci ƙungiyar mata ko wasu makarantun mata zalla. Kamfanin ya yi watsi da ita. Amma rariyar tana nan a wurare da yawa, kuma hanya mafi sauƙi ta tsallake ta ita ce wani na ciki ya ce na san wannan, ku duba takardarta. Irin wannan sanayyar ce ake ƙullawa a taro.

Namu na kusa

Orlando ta yi wa yawancinmu nisa. Ga biza, ga jirgi, ga dala. Amma taron da 'yarki take magana a kai ƙanin wancan ne. Duk ƙarshen shekara ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google yake tallafa wa suna shirya DevFest a garuruwa irin su Kano, Kaduna, Abuja da Legas, sau da yawa kyauta ko da kuɗi kaɗan. A watan Maris, albarkacin ranar mata ta duniya, akwai tarukan Women Techmakers. Akwai She Code Africa, wadda Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016 don horar da 'yan mata da haɗa su da masu ja musu gora. Hukumar NITDA tana shirya taron Digital Nigeria a Abuja. Ga masu sha'awar ƙirƙirarriyar basira akwai Deep Learning Indaba, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2017 yake kuma zagaya ƙasashe, ya sauka a Accra a 2023 da Dakar a 2024, yana kuma ɗaukar nauyin tafiyar wasu ɗalibai.

Gaskiyar magana, a irin namu ba kasafai ake miƙa wa mutum takardar kama aiki nan take ba. Abin da za ta samo shi ne suna da lambar wanda ke aiki a inda take so, da labarin guraben da ba ta taɓa jin su ba. Misali Outreachy: horo ne na wata uku da ake yi daga gida ta intanet, sau biyu a shekara, ana biyan dala 7,000, kuma 'yan Najeriya da dama sun ci gajiyarsa. Shafinsa a buɗe yake ga kowa, amma yawanci sai wadda ta taɓa yi ta zaunar da ke ta nuna miki yadda ake cike takardun da lokacin da ake buɗewa. Zumunci a ƙafa yake, har a sana'ar da ake yi a zaune.

Tsoronki yana da hujja

Ba zan ce miki ki kawar da fargaba ba, don ba duk wanda ya ce yana ɗaukar aiki ba ne yake ɗaukar aiki. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan matan Afirka, har da na Najeriya, da aka janyo ta shafukan sada zumunta da alƙawarin karatu da aiki a yankin Alabuga na Rasha, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. An kuma sha ceto 'yan Afirka daga sansanonin damfara a Myanmar da Kambodiya, waɗanda aka yaudara da sunan aikin kwamfuta, aka ƙwace musu fasfo. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Don haka ki karɓi wayar ki duba da kanki. Taro na gaskiya yana da shafi, da adireshin zauren da za a yi shi, da sunayen masu jawabi waɗanda za a iya bincika, da hotunan na bara. Yana da ƙa'idojin ladabi a rubuce da wanda za a kai wa ƙara idan wani ya yi rashin ɗa'a. Kamfani na gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin ya ba da aiki, ko da sunan kuɗin fom ne ko na horo. Ba ya kiran intabiyu a ɗakin otal, ba ya kiranta da daddare, ba ya riƙe fasfon kowa. Wanda ya ce a ɓoye wa iyaye, an gama magana.

Batun tafiya kuwa, tsakanin "je ki ke kaɗai" da "ba za ki ba" akwai fili mai faɗi. Yayanta zai iya raka ta. Za ta iya sauka gidan gwaggonta. Sau da yawa ɗaliban sashe ɗaya suna haɗa mota tare da malaminsu. Idan na garinku ne, da safe za ta fita ta dawo kafin magariba. Idan kuma za ki kai maganar gaban maigida, ki je da waɗannan amsoshin a hannu, da sunan wuri da ranar dawowa, ba da "wai wani taro ne" ba. Kin fi ni sanin cewa yadda aka shigar da magana shi ne rabin amincewa.

Kunyar da muka koya mata

Ga inda nake ganin aikinki ya fi yawa. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kawaici: kada ki kalli babba cikin ido, kada ki ɗaga murya, yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son a zubar da ita. Amma ki hango ta a gaban rumfa, mutum ashirin a bayanta, jami'in kamfani ya ce ta gaya masa abin da ta iya. Ta sunkuyar da kai ta ce tana ɗan taɓawa. Na bayanta, wanda bai kai ta rabi ba, ya buɗe baki ya yi minti uku yana zuba. Wa kike jin za a tuna da shi da yamma?

Faɗin abin da ka yi ba yabon kai ba ne, bayani ne, kamar yadda mai ɗinki take nuna kayan da ta ɗinka. Abin da ake so ta iya faɗa cikin minti ɗaya ko biyu bai wuce sunanta, abin da ta karanta, abu ɗaya da ta gina da hannunta, da irin aikin da take nema ba. Abu ɗayan nan shi ne jarinta, kuma ba sai ya zama gagarumi ba. Manhajar da ke lissafa adashen unguwarku, ko shafin da ta yi wa shagon ƙanwarki, ya fi takardar shaida goma, muddin yana aiki kuma za ta iya buɗe shi a waya ta nuna.

Ki sa ta gwada a gabanki. Ba sai kin san kwamfuta ba, hasali ma rashin saninki shi ne amfanin. Idan ta iya yi miki bayanin abin da manhajarta take yi har kika gane, za ta iya yi wa kowa. Idan ta fara noƙewa, ki ce ta sake. Ta yi da Hausa, sannan ta yi da Turanci, har sai muryarta ta daina rawa. Hijabinta ba ya hana komai. A Malesiya, inda mata da yawa suke sanye da shi, bincike ya daɗe da nuna cewa mata sun kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i.

Ita ma tana da haƙƙin tambaya, don ciniki ake yi ba roƙo ba. Mata nawa ne injiniyoyi a sashen da za a sa ta? Ana iya aiki daga gida, kwana nawa a mako? Akwai wurin sallah? Yaya hutun haihuwa yake? Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, wasu kamfanoni kuma suna ƙarawa. Ba sai ta jero su duka a haɗuwar farko ba, na hutun haihuwa ma gara ta bari sai magana ta yi nisa. Amma ta san cewa yadda aka amsa mata yana nuna halin gidan.

Idan ta dawo, bayan kin tambaye ta hanya da abin da ta ci, ki tambaye ta mutum nawa ta yi magana da su, ta kuma rubuta sunayensu ko a'a. Jami'in da ya ga fuska ɗari biyu a yini ba zai riƙe tata fiye da 'yan kwanaki ba. Cikin kwana biyu ya kamata ta aika wa kowannensu gajeren saƙo ta imel ko LinkedIn: ni ce wadda ta nuna maka manhajar adashe a rumfarku ranar Asabar, ga mahaɗin aikin, ga takardata. Wasu ba za su amsa ba. Idan mako biyu ya wuce shiru, ta sake aikawa sau ɗaya. Daren da za ta zauna rubuta saƙonnin nan, ki ɗauke mata wanke-wanke, ki kuma tabbatar akwai data a wayar.